Takardun Sarakunan Yaƙi: Abin da Aka Rubuta, Abin da Aka Tara da Abin da Ya Salwanta a Tarihin Bauchi

Gabatarwa

Hausawa kan ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. To amma maganar baka, ko da ta fita, iska ce ke yawo da ita, bayan shekara ɗari sai a tarar kowane gida da irin tasa ruwayar. Maganar da aka sa wa tawada kuwa tana nan yadda mai ita ya bar ta, muddin gara da gobara ba su riga mu isa gare ta ba. Daga cikin rubutattun maganganu kuwa, kaɗan ne suka kai darajar takardar da sarkin yaƙi ya aika yana tsakiyar fama. Dalili shi ne, marubucin tarihi yakan zauna ne bayan ƙura ta lafa, ya riga ya san wanda ya ci da wanda aka ci. Shi kuwa mai aika takarda daga sansani bai san abin da gobe za ta haifa ba, saboda haka tsoronsa da fatansa da dabararsa duk suna kwance a kan takardar ba tare da kwaskwarima ba.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin waiwayar irin waɗannan takardu dangane da Bauchi da maƙwabtanta. Za a fara da leƙa yadda wasu al'ummu suka tara takardun mayaƙansu na ruwa, sa'an nan a dubi siffar takarda a Daular Usmaniyya, da lokuta biyu da takarda ta shiga tsakiyar yaƙin da ya shafi Bauchi, wato 1827 da 1902. Daga ƙarshe za a yi magana a kan waɗanda suka tara abin da ya tsira, da nauyin da ya rage a wuyanmu.

Yadda Ingila Ta Tara Takardun Sarkin Yaƙinta na Ruwa

A daidai lokacin da Malam Yakubu yake kafa mulkinsa a ƙasar Bauchi, wato wajen 1805, a can tekun Turai Ingila tana gwabzawa da Faransa da Sifen. Ranar 21 ga Oktoba, 1805, aka yi yaƙin Tarafalga, inda Admiral Nelson ya ci nasara, aka kuma harbe shi ya mutu a cikin jirginsa. Kwana biyu kafin nan ya fara wata takarda zuwa ga masoyiyarsa Emma Hamilton, bai ƙarasa ta ba, aka same ta a kan teburinsa bayan yaƙi. Wannan takarda tana ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan.

Mutanen Ingila ba su bari takardunsa sun watse ba. Tsakanin 1844 da 1846 wani masani mai suna Nicholas Harris Nicolas ya bi gidajen abokan Nelson da hafsoshinsa da ofisoshin gwamnati, ya tattara wasiƙunsa ya buga su a juzu'i 7. Duk da wannan aiki, bayan shekara fiye da 150 wani masanin, Colin White, ya sake bin sawu ya gano wasu fiye da 1,000 da ba a taɓa bugawa ba, ya fitar da zaɓaɓɓu daga cikinsu a 2005. Masu tara irin waɗannan takardu har sun mai da abin ilimi mai zaman kansa. Alal misali, Nelson ya rasa hannunsa na dama a 1797, daga nan ya koma rubutu da hagu, don haka duk takardar da aka ce tasa ce, siffar rubutun kaɗai takan nuna ko kafin wannan shekara aka yi ta ko bayanta, ko kuwa jabu ce. Abin lura a nan shi ne, darajar da mutumin yake da ita a idon mutanensa ta sa kowane ɗan guntun rubutunsa ya sami mai gadi.

Ƙasarmu ba ta da teku, sarakunanmu kuwa a kan doki suka yi yaƙi. Amma sun yi rubutu, an kuma rubuto musu, kuma kamar yadda za a gani, hafsoshin ruwa na Turai sun shigo cikin labarin fiye da sau ɗaya.

Siffar Takarda a Daular Usmaniyya

Daular da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa, daula ce ta malamai, kuma da takarda aka riƙe ta. Daga Sakkwato zuwa Yola tafiyar makonni ce, saboda haka naɗin sarki da neman fatawa da kiran gayya zuwa yaƙi da bayanin gaisuwar da aka aiko, duk a rubuce suke tafiya a hannun manzanni. Harshen da ake amfani da shi a fada Larabci ne, ko da yake a kan ci karo da sunayen sarautu da na garuruwa da na kayayyaki cikin Hausa ko Fulatanci.

Takardar fada tana da tsarinta sananne. Akan buɗe da bisimilla da salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A saman takarda akan buga hatimin mai aikawa, wanda yake ɗauke da sunansa da na mahaifinsa, sau da yawa har da addu'a. Sai a ambaci daga wane zuwa ga wane, a jero gaisuwa gwargwadon matsayin wanda ake rubuta wa, sa'an nan a shiga abin da ya kawo maganar, a taƙaice, a rufe da sallama. Yawancinsu ba su wuce fuska ɗaya ba, domin manzon da ya ɗauko takarda shi ne zai ƙarasa bayani da baki, musamman abin da ake tsoron ya faɗa hannun abokan gaba. Mafi yawa kuma magatakarda ne yake rubutawa, sarki ya sa hatimi. Ita kanta takardar da ake rubutu a kai, daga Italiya take zuwa ta hanyar Tarabulus da Masar, in an ɗaga ta a haske sai a ga tambarin jinjirin wata guda uku a cikin jikinta.

Akwai wata matsala guda da duk mai nazarin waɗannan takardu yake fama da ita: yawancinsu ba su da kwanan wata. Mai aikawa da mai karɓa duk sun san lokacin da suke ciki, ba su ga dalilin rubuta shi ba. Saboda haka sai an dubi hatimi an san wane sarki ne, an dubi wanda aka aika wa, an auna shekarun da mulkinsu ya haɗu, sa'an nan a nemi wani abu a cikin maganar, kamar sunan wani yaƙi ko rasuwar wani babba, kafin a iya cewa ga lokacin da aka rubuta ta. Wannan ne ya sa takarda guda tilo ba ta cika yin amfani ba. Sai an jera ta kusa da 'yan'uwanta take buɗe baki.

Malam Yakubu da Sarkin Musulmi Bello

Malam Yakubu ɗan Dadi, Bageri ne, ya yi karatu a wurin Shehu a Degel, ya karɓi tuta, ya dawo ƙasarsu. Bayan zama a Inkil ya kafa birnin Bauchi a wajen 1809, ya kewaye shi da ganuwa, ya kuma yi mulki har zuwa 1845. Ƙasar da ya samu kansa a ciki ta bambanta da Kano ko Katsina. Babu tsohuwar sarauta guda da zai gada, sai ƙabilu masu yawa a kan duwatsu da cikin kwazazzabai, kowace da harshenta da shugabanta. Mutumin da ke cikin irin wannan hali yana bukatar shawara, kuma ta takarda ya neme ta.

Shaidar wannan tana cikin rubuce-rubucen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. Akwai Al-Ƙaulul Mauhub, wanda amsoshi ne ga tambayoyin da Yakubu ya aika masa, akwai kuma Al-Gaisus Shu'ubub, wanda wasiyya ce da ya yi masa a kan sha'anin mulki. Waɗannan asalinsu saƙonni ne daga shugaba zuwa ga sarkin yaƙinsa. Abin da ya cece su shi ne malamai sun ɗauke su a matsayin littattafan ilimi, suka yi ta kwafarsu hannu da hannu. Takardar yau da kullum kuwa, wadda ke cewa a kawo dawaki kaza wuri kaza, ba wanda ya ga dalilin kwafarta. In ƙwaya ɗayan nan ta lalace, shi ke nan.

Haka nan muhawarar da aka yi tsakanin Sakkwato da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, a kan halaccin yaƙar Barno. Mun san hujjojin ɓangarorin biyu ne domin Bello ya shigar da takardun cikin littafinsa Infaƙul Maisuri a 1812. Ke nan shi kansa Bello yana cikin na farko da suka tara takardun yaƙi a ƙasar nan, har ya adana maganar abokin hamayyarsa tare da tasa.

Kwamandan Ruwa a Sakkwato da Yaƙin Fake

Hugh Clapperton, wanda aka sani a ƙasar Hausa da sunan Abdullahi, hafsan sojan ruwan Ingila ne da ya yi yaƙi a tekun Indiya, ya kuma yi aiki a manyan tafkunan Kanada. Ya iso Sakkwato karo na farko a watan Maris na 1824, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Da zai koma, Bello ya ba shi takarda zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu a kan ciniki da aiko da jakada da likita. An buga fassarar wannan takarda a Landan a 1826. Da ya isa gida aka ƙara masa girma zuwa muƙamin kwamanda, aka sake turo shi, wannan karon ta Badagiri.

Da ya iso a 1826 sai ya tarar zamani ya juya. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Sakkwato da Barno, shi kuwa yana ɗauke da takardar gwamnatinsa da kyaututtuka, har da makamai, zuwa ga Shehu Laminu. Sarkin Musulmi ya sa aka kawo kayansa daga Kano, ya nemi a ba shi takardar, ya kuma riƙe ta tare da makaman. Clapperton ya ɗauki wannan a matsayin cin amana, ya faɗi haka a littafin tafiyarsa cikin ɓacin rai. Amma in an dubi abin ta fuskar Bello, babu shugaban da zai bar baƙo ya ratsa ƙasarsa da bindigogi da rufaffiyar takarda zuwa ga wanda rundunarsa ke kan hanyar Kano. Har ila yau an shaida wa Clapperton cewa Shehu Laminu ya taɓa rubutowa yana gargaɗi a kan Ingilishi, yana tuna abin da suka yi wa ƙasar Indiya. Ya nemi a nuna masa wannan takarda, ba a nuna masa ba.

A farkon 1827 rundunar Barno ta kutso ƙasar Kano. Waziri Giɗaɗo ya tafi Kano don shirya tsaro, aka kuma aika wa sarakunan gabas. Malam Yakubu ne ya tari Shehu Laminu a Fake, aka yi ƙazamin yaƙi, Barno ta juya, aka kai ganima Sakkwato. Labarin da aka gada a Bauchi yana cewa kafin a fita Yakubu ya shawarci mutanensa, ya nuna musu cewa duk ƙarfin Alkanemi ba ya rayar da matacce, ba ya saukar da ruwan sama, don haka mutum ne kamar kowa. Wannan nasara tana cikin abin da ya sa ake yi wa Sarkin Bauchi kirari da sarkin yaƙin Sarkin Musulmi.

Clapperton ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu, 1827. Baransa Richard Lander ya ɗauki takardunsa ya kai Ingila, aka buga su a 1829. Littafin da ya rubuta da hannunsa a tafiyarsa ta farko kuwa, yawo ya kai shi har wani ɗakin karatu a Johannasbag ta Afirka ta Kudu, inda aka same shi aka buga a shekarar 2000, aka kuma sake fitar da takardun tafiya ta biyu a cike a 2005. A nan akwai abin tunani. Baƙon da ya zauna a Sakkwato yana jiran labarin yaƙi, ana iya bin kwanakinsa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa gwarzon da ya yi yaƙin, mafi yawan abin da ake faɗa a kansa daga bakin kaka da kakanni aka ji shi.

Jiragen Binuwai da Takardun 1901 zuwa 1903

Bayan Clapperton wasu ma'aikatan sojan ruwa sun biyo ta kogi. Likita William Baikie ya hau Binuwai da jirgi mai tururi a 1854, daga baya ya zauna a Lakwaja, ya kuma je Kano a 1862. Laftana John Glover, wanda jirginsu ya fashe a Jaba a 1857, shi ne ya kafa rundunar Hausawa a Ikko a 1863, ya kuma kai mayaƙan Hausawa yaƙin Ashanti a 1873 zuwa 1874. Takardunsa suna ajiye a Jami'ar Kambirij. Daga ɓangaren Faransa kuma akwai Laftana Louis Mizon, wanda ya zo Yola da Muri a farkon shekarun 1890, ya bai wa Lamiɗo Zubairu igwa biyu.

Ta wannan hanyar ruwa ce yaƙi ya iso. A watan Satumba na 1901 Kanar Morland ya hau Binuwai da sojoji a cikin jirage, ya ci Yola bayan artabu a ƙofar fada, inda aka harba igwogin nan na Mizon. Lamiɗo Zubairu ya fice, daga hanya ya rubuta wa Sarkin Musulmi Abdurrahman takarda wadda take cikin mafi ratsa zuciya da suka tsira. A ciki ya bayyana cewa Nasara sun ci garinsa amma ba su mallake shi ba, ya tabbatar da mubaya'arsa, ya kuma nuna ba zai yi fuska biyu tsakanin Sarkin Musulmi da Nasara ba. Mutumin da ya rasa gadon sarauta, yana gudu, bai san inda zai kwana ba, amma ya tsaya ya sa an rubuta wa shugabansa bayani.

Daga Yola sai Bauchi. A watan Fabrairu na 1902 William Wallace da Kanar Morland suka shigo birnin ba tare da an yi yaƙi ba, suka tuɓe Sarki Umaru, wanda yake kan gado tun 1883, suna kafa hujja da harin da ya kai Gwaram a 1900. Daga nan Morland ya wuce gabas ya kama Malam Jibrilla Gaini. Gwamna Lugga ya rubuta wa Sarkin Musulmi yana sanar da shi abin da aka yi a Bauchi.

A nan ne muka iso ga takardar da ta fi kowace jawo gardama a tarihin Arewa. Lugga ya ba da rahoto cewa a wajen watan Mayu na 1902 ya sami takarda daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, wadda ke cewa babu wata hulɗa tsakaninsu sai yaƙi. Da ita ya kafa hujja a wurin gwamnatinsa cewa Sakkwato ce ta fara shelar yaƙi. Amma akwai wata takardar ta biyu da ta iso bayan wannan, amsa ga maganar Bauchi, wadda harshenta ya fi sauƙi ƙwarai: tana nuna cewa ba a gayyaci Turawa su tsoma baki a wannan al'amari ba, su da addininsu, Musulmi da nasu, kuma ga Allah kaɗai ake neman taimako. D. J. M. Muffett, wanda ya yi aikin mulki a Arewa, ya bi diddigin maganar a littafinsa na 1964, ya nuna cewa asalin Larabcin takarda ta farko ba a same shi ba, fassarar Ingilishi kawai ake da ita, ya kuma yi shakkar ingancinta. R. A. Adeleye ya sake tattauna batun a littafinsa na 1971. Har yau masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, kuma abin da zai raba gardamar fallen takarda ne guda ɗaya. Da yana hannu, da kowane ɗalibin Larabci zai iya dubawa ya ga ko hatimin na Abdurrahman ne, ko kuma tafinta ya ƙara gishiri.

Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato kuma ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a suka bi shi. A watan Mayu mutanen Burmi suka kori Kyaftin Sword, ya janye zuwa Bauchi da raunanansa. Ranar 27 ga Yuli aka yi yaƙin Burmi na biyu, inda Attahiru ya yi shahada, Manjo Marsh na Turawa shi ma ya mutu. Waziri Buhari, wanda ya zauna bai yi hijira ba, ya rubuta wata risala zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilinsa na yin sulhu. Wanda ya karanta takardar Zubairu da risalar Buhari zai ga hanyoyi biyu da manyan mutane suka bi a rana mai wuya, kowanne da hujjarsa daga bakinsa.

Waɗanda Suka Tara

Tarin farko da ya shiga hannun Turawa ganimar yaƙi ne. Da aka ci Sakkwato an sami takardu masu yawa a gidan Waziri Buhari, domin ta hannun Waziri yawancin masarautun gabas suke isar da saƙonsu. H. F. Backwell ya fassara wasu daga ciki ya buga a Ikko a 1927. Aikin yana da amfani, sai dai zaɓe ne aka yi, kuma Baturen mulki ne ya yi zaɓen, ya fi karkata ga abin da ya shafi zuwan Turawa.

Tarawa ta ilimi ta fara ne gab da samun 'yancin kai. Ƙoƙarin Kenneth Dike ya haifar da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa a 1954, wanda daga baya ya buɗe reshe a Kaduna, inda aka kwaso fayilolin larduna, har da na Bauchi. W. E. N. Kensdale ya tara rubuce-rubucen Larabci wa ɗakin karatu na Ibadan a shekarun 1950. A. D. H. Bivar, wanda ya yi aiki da hukumar kayan tarihi a Jos, ya buga nazari a 1959 a kan hatimai da salon rubutun fadar Barno da ta Sakkwato, kuma gidan tarihi na Jos ya sami tarin da aka yi wa jadawali a 1965. Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa a shekarun 1960, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. A Sakkwato, Waziri Junaidu, Allah ya ji ƙansa, ya riƙe taskar gidansu ya buɗe ta ga masu bincike, kuma a kanta Murray Last ya dogara wajen rubuta littafinsa na 1967. A kan Bauchi kanta, Y. A. Aliyu ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1974 a kan kafuwar mulkin masarautar daga 1805 zuwa 1903.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, takarda tana zama ne a gidan wanda aka aika wa. Abin da Bauchi ta rubuta, a Sakkwato da Kano da Misau da Gombe za a neme shi. Abin da aka rubuto wa Bauchi kuwa, da abin da sarki ya aika wa Madaki ko Galadima ko Sarkin Wase, ko masu tsaron iyaka a zamanin yaƙe-yaƙen Ningi da suka ɗauki rabin ƙarni, a fada da gidajen sarauta da na limamai da alƙalai ya kamata a same shi. Masu binciken da aka ambata sun fi zama a Sakkwato da Kaduna da Zariya. Gafakar da ke ƙarƙashin gadon wani dattijo a unguwar Jahun ko Ƙofar Dumi, sai ɗan gida ne zai iya sa a kwance ta.

Nauyin da Ya Rage

Maƙiyan takarda a ƙasarmu sanannu ne: gara da ɓera da yoyon ɗaki da gobarar hunturu. Akwai kuma rabon gado, inda akan kasa littattafan mamaci kashi-kashi, takardun da suka shekara ɗari tare su rabu rana ɗaya. Akwai magajin da bai iya karanta rubutun ba, ya ɗauka laya ce, ya binne ko ya ƙona don girmama sunan Allah da ke ciki. Akwai kuma dillalin da zai saya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya fitar da ita inda ba za a sake jin ɗuriyarta ba. Abin da ya faru a Timbuktu a watan Janairu na 2013, inda aka ƙona ko aka salwantar da rubuce-rubuce kimanin 4,000 a cibiyar Ahmad Baba, ya isa ishara cewa ko ginin gwamnati ba ya hana asara.

Maganin bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Mataki na farko shi ne a sani cewa takardar tana nan. Wanda ya samu izinin masu ita sai ya ɗauki hotonta gaba da baya, har da hatimi, ya ɗaga ta a haske ya ɗauki tambarin da ke jikinta, ya auna tsawo da faɗi. Sai ya rubuta a wane gida take, ta hannun wa ta zo, me dattawan gidan suke faɗa a kanta, domin takardar da aka raba da labarin gidanta ta rasa rabin hujjarta. Kada a liƙa mata salatif, kada a manne ta cikin leda da zafi, kada a bi rubutun da biro don ya fito. A shimfiɗe ta tsakanin fararen takardu masu tsabta, a ajiye nesa da ƙasa da danshi. Asali ya zauna a hannun masu shi in sun fi son haka, hoto kuwa ya tafi ɗakin karatu na jami'a, a kuma ajiye shi a wuri fiye da ɗaya. Tun 2004 babban ɗakin karatu na Birtaniya yake da shirin tallafa wa irin wannan aiki na ɗaukar hoto ba tare da an fitar da asali daga ƙasarsa ba, kuma an yi wasu ayyukansa a Arewacin Nijeriya.

Aikin karantawa kuwa na haɗin gwiwa ne. Malamin zaure ya fi kowa sanin wannan salon rubutu, ɗalibin Larabci ya fassara, ɗalibin tarihi ya sa takarda a zamaninta, ɗalibin Hausa kuma ya gane sunayen sarautu da garuruwa da kalmomin da magatakarda ya rubuta da baƙaƙen Larabci, ya kuma mayar da ita harshen da jikokin mai ita za su karanta.

Kammalawa

An ga yadda Ingila ta shafe shekara 200 tana tsintar takardun mutum ɗaya, da yadda rubutun kwamandan ruwan da ya mutu a Sakkwato ya tsira, alhali muryar Malam Yakubu a yaƙin Fake sai ta bakin wasu ake jin ta. An kuma ga yadda ɓatan asalin takarda guda ya bar tambayar wanda ya fara shelar yaƙin 1903 a buɗe har yau. Tutar Sarkin Musulmi Attahiru da Turawa suka kwashe an dawo da ita Sakkwato a 1960, domin an san inda take, an kuma san darajarta. Takardar da ba a san da zamanta ba kuwa, babu mai neman ta balle ya dawo da ita. Saboda haka ɗalibin da zai tafi hutu gida, kafin ya dawo, ya durƙusa gaban kakansa ya tambaye shi abin da ke cikin tsohuwar adakar nan. Allah ya ji ƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.